Turancin Baba Ya Jawo Mini Dariya a Ofis

Assalamu alaikum Hajiya, ya ƙoƙari? Ni matashi ne ɗan shekara 27, aikin gona na karanta, kuma wata 5 ke nan da na samu aiki a wata ƙungiya mai tallafa wa manoma da makiyaya. Mahaifina tsohon hedimasta ne. Shi ya koya mini Turanci tun ina ƙarami, har da tsofaffin waƙoƙin mutanen Ingila da ya haddace yana ɗalibi. A bakinsa na fara jin kalmomi irin su *lea*, *mead*, *sward*, *glebe* da *croft*, suka shiga raina, har na buɗe littafi ina tara su. Kwanan nan aka tura ni duba wuraren kiwo a ƙauyuka 3, na dawo na rubuta rahoto. Don in nuna na iya, duk inda fili ya zo sai in sa *lea* ko *greensward*, gonakin mutane na kira su *crofts*, filin da ke bayan masallacin wani ƙauye kuma na ce *glebe* ne. Ranar Litinin a wurin taro oga ya ɗauko rahoton ya karanta da ƙarfi, ya ce ashe jikan Sarauniya aka ɗauka aiki bai sani ba. Kowa ya kwashe da dariya, yanzu sunan ya bi ni. Da na gaya wa Baba sai ya ce ogan ne bai san Turanci ba, kada in taɓa ko harafi ɗaya. Idanunsa sun yi rauni, wannan karatun ne kaɗai ya rage muna yi tare, ina jin in na bar kalmomin kamar shi na bari. Ga shi ina shirin jarrabawar Turanci don neman gurbin ƙaro karatu a waje. Shin kalmomin nan kuskure ne? In yar da littafina, ko in ɗauki ƙamus in je in nuna wa oga?

Wani matashi daga jihar Jigawa

Wa alaikumus salam ɗana. Da farko sannu. Dariyar abokan aiki tana da zafi, musamman ga wanda bai gama sanin kujerarsa a ofis ba, kuma na lura abin da ya fi ƙona maka rai shi ne abin da aka yi wa dariyar daga hannun mahaifinka ya fito. Ogan naka bai kyauta ba. Gyaran ƙaramin ma'aikaci a ofis ake yinsa, a rufe ƙofa, a nuna masa da biro. Wannan na faɗa, kuma ba zan janye ba. Sai dai in na tsaya nan na cuce ka, domin rahoton naka yana da matsala ta gaske, kuma ba ita ce wadda aka yi wa dariya ba.

Su tsufan kalmomin suka ji, shi ya ba su dariya. Ni abin da ya dame ni shi ne ka ɗauke su tamkar riguna ne na ado da ake sa wa kalmar fili, yau a sa wannan gobe a sa waccan. Ka yi tunanin wani Bature ya zo ƙauyenku yana koyon Hausa, ya ji kalmar dausayi ta yi masa daɗi, sai ya riƙa kiran kowace ƙasa da ita. Ya tsaya a kan fako, inda ko tsinke ba ya fitowa, ya ce kai wannan dausayi da kyau yake. Ya nuna jigawa ya ce fadama. Tsofaffin ƙauyen za su yi masa dariya, kuma ba don kalmomin ba Hausa ba ne. Kai da ka karanta aikin gona ka fi ni sanin cewa manomi ba ya cewa fili kawai ya yi shiru. Akwai gona, akwai saura, akwai lambu, akwai gandu da gayauna, akwai hurumi, akwai burtali. Kowane suna yana gaya maka abin da ƙasar take yi, wa ke da ita, da lokacin da dabba za ta iya shiga. Haka Turanci yake a zamanin da yawancin mutanen Ingila manoma ne, kuma kalmomin da ke littafinka daga wannan zamanin suka fito.

Bari in fara da biyun da har yau suna raye, don a kansu sauran suka jingina. *Meadow* da *pasture* duk ciyawa ce a ido, amma a wurin manomin Ingila sun sha bamban. Su hunturu ne lokacin wahalarsu, kamar yadda rani yake a wurinmu: sanyi na kamawa ciyawa ta daina girma, dabba ba ta da abin ci sai abin da aka adana mata. To *meadow* shi ne filin da ake hana dabbobi shiga, a bar ciyawar ta yi tsawo, a yanke ta da dogon lauje a tsakiyar shekara, a shanya, a tara ingirici. Kalmar ma 'yar'uwar *mow* ce, wato yankan ciyawa. *Pasture* kuwa shi ne inda ake sakin dabba ta ci da bakinta. Ka ga mu harawa da kara muke ɗorawa a kan rumfa ko a cikin bishiya saboda rani, su kuma fili guda suka keɓe don wannan aiki, yawanci a bakin kogi inda ƙasa ke da laima. Saboda rayuwar shanun noma ta rataya a kansa, sau da yawa irin wannan fili ya fi gonar hatsi daraja. Ko a kundin ƙidayar ƙasa da Sarki William ya sa aka yi a 1086, an riƙa rubuta wannan daban, wancan daban. A wasu ƙauyukan, da zarar an kwashe ingirici, daga farkon watan Agusta a ranar da suke kira *Lammas*, sai a buɗe filayen kowa ya sako dabbobinsa, kamar dai yadda shanu ke shiga gonaki cin kara bayan kaka.

Ga wani abin da zai yi maka daɗi. Bayan an yi yankan farko, ciyawa tana sake tohowa. Tsohuwar kalmar yanka ita ce *math*, don haka wannan toho na biyu suka kira shi *aftermath*. Yau ka buɗe labarai za ka ji ana amfani da ita a kan abin da ya biyo bayan ambaliya ko yaƙi, kuma da wuya mai karanta labaran ya san ciyawa yake ambata. Wannan ita ce hanya ɗaya da tsofaffin kalmomi ke rayuwa, su bar gona su shiga gari su canza sana'a.

Yanzu ga abar ƙaunarka, *lea*, wadda ake furtawa kamar "lii". Asalinta a tsohon Turanci wuri ne da aka sassabe a cikin daji, buɗaɗɗen sarari tsakanin itatuwa, daga baya ta koma nufin filin ciyawa. Bakin mutane ya sake ta da daɗewa, mawaƙa ne suka riƙe, kuma ina zargin rabin dalilin shi ne sauƙin amsa-amo, don tana tafiya da *sea* da *tree* da *me* da *free*. Mawaƙin ƙarni na 18 ko na 19 in yana son shanu su komo gida da almuru, sai ya bi da su ta kan *lea*, baitinsa ya zauna. Shi ya sa ƙamus na masu koyo yake sa mata alamar cewa ta adabi ce. Amma in kana kallon ƙwallo, kullum kana jin ta ba ka sani ba. Wannan *ley* da ke ƙarshen Wembley da Burnley da Barnsley ita ce. Wembley da ake cika da 'yan kallo a yau, sunan yana nufin sassaben wani mutum ne mai suna Wemba. Kada abin ya ba ka mamaki, mu ma haka muke yi. Je ka Gandun Albasa a Kano ka nemi albasa a ƙasa, gidaje da kwalta za ka tarar. Ita kanta jihar da ka rubuto daga cikinta sunan irin ƙasa ne take ɗauke da shi. Akwai kuma *ley* da masana aikin gona suke rubutawa har yau, wato ciyawar da aka shuka na 'yan shekaru a cikin tsarin juya amfanin gona, kafin a sake nome wurin. Wannan tana da gurbi a littattafan sana'arka, amma ma'anarta ƙuntatacciya ce, ba kowane fili ba.

*Mead* ba ta buƙatar dogon bayani. Tsohuwar siffar *meadow* ce, ta rage a waƙa da sunayen wurare, kamar Runnymede a bakin kogin Thames inda Sarki John ya amince da Magna Carta, yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarki, a 1215. Ka yi hattara da ita, domin akwai wata *mead* daban mai rubutu iri ɗaya, giya ce da ake yi da zuma, kuma Baturen yau in ya ga kalmar ita zai fara tunawa. Ka ga rahoton ƙungiya da ke cewa shanu suna kwana a cikin *mead* zai iya jawo dariyar da ta fi ta ranar Litinin.

*Sward* kuwa zan ɗan tsaya maka a kanta, don a nan kana da 'yar gaskiya. Asalin ma'anarta fata ce, sai aka ara wa saman ƙasa, wato shimfiɗar ciyawa da saiwoyinta da suka saƙu kamar tabarma. Ana furta harafin w ɗinta, saɓanin *sword* ta takobi inda ake haɗiye shi. A hira ta mutu, *greensward* kuma sai a tsofaffin littattafai. Amma masu binciken ciyawa da kiwo ba su sake ta ba, suna maganar tsawon *sward* da kaurinsa da irin tsirran da ke cikinsa. Da ka rubuta cewa ka auna shi ka samu santimita kaza, ba wanda ya san aikin da zai yi maka dariya. Kai kuma ka sa ta ne don ƙamshi, ba ka auna komai ba.

Inda na riƙe baki shi ne *glebe* da *croft*, saboda su biyun doka ce a cikinsu. *Glebe* ƙasa ce da aka keɓe wa limamin cocin unguwa, ya noma ko ya ba da haya ya ci abinci. Da ka rubuta cewa filin bayan masallacin nan *glebe* ne, ka yanke hukunci ke nan cewa na liman ne, amfaninsa shi ke ci. Ka tambayi wani kafin ka rubuta? Wataƙila hurumin gari ne, wataƙila filin idi ne, wataƙila gadon wasu marayu ne da ba a raba ba. Kai da ke aiki tsakanin manoma da makiyaya ka san abin da kalma ɗaya a kan mallakar ƙasa take iya haifarwa, kuma rahoto takarda ce da ake ajiyewa, wani ya ɗauko ta bayan shekaru ya kafa hujja. *Croft* kuma a tsohon Turanci 'yar gona ce mai shinge kusa da gida, amma yau in an ambace ta hankali yana tafiya ne tsaunuka da tsibiran arewacin Sikotlan. Can ƙananan manoma ne da ke riƙe da 'yan gonaki, akasari haya, da rabo a makiyayar gari ta tarayya. Bayan shekaru da masu ƙasa suka yi suna korar mutane don su saki tumaki, an yi doka a 1886 da ta ba su tabbacin zama. Kalmar tana raye, amma tana da ƙasarta da tarihinta. Manomin ƙauyenku da ya gaji gonarsa daga kakansa ba ɗan haya ba ne, in ka kira shi haka ka rage masa matsayi ba ka sani ba. In kana son tsohuwar kalma da ta yi kusa da tamu sosai, duba *demesne*, wadda ake furtawa "dimen" a bar s ɗin yana barci. Ita ce ƙasar da mai sarauta ya riƙe wa kansa talakawa suna yi masa aiki, ka ce gandun sarki ba ka yi nisa ba.

Akwai waɗanda ba abin da ya same su, ka yi amfani da su hankali kwance. *Fallow* ita ce saura. *Stubble* kututturen hatsi ne bayan girbi. *Paddock* ƙaramin fili ne mai shinge, yawanci na dawaki, kodayake a Ostireliya kowane shingaggen fili haka ake kiransa komai girmansa. Ekar da muke faɗa kullum ita ce *acre*, kuma da can ma'anarta gona ce kawai, kafin ta zama ma'auni, gwargwadon abin da shanu za su iya nomewa da garma a yini guda. Tsawonta kunya ɗaya, abin da suka kira *furlong*, yadi 220, kusan mita 201, faɗinta kuma yadi 22. Yau *furlong* ta rage ne a tseren dawaki. Rahotonka dai hekta zai nema, kuma hekta ɗaya kusan eka 2 da rabi ce.

Kada ka ɗauka ni na tsira. Shekarata ta farko a koyarwa, muna karanta wani labari da 'yan aji, aka zo inda tumaki ke kiwo a kan *downs*. Ban ko duba ba, na ce musu kwari ne, tunda kowa ya san *down* ƙasa take nufi. Har na zana musu a allo, da 'yan tumakina a gindin tudu. Da daddare na buɗe ƙamus don wani abu daban, idona ya faɗa kanta, ashe tuddai ne, irin na farar ƙasa da ke kudancin Ingila. Tsohuwar kalmar tudu ce, ita kuma *down* ta yau da kullum daga "sauka daga tudu" aka gutsuro ta. Washegari na shiga aji na goge zanen da hannuna na gaya musu malamarsu ta yi kuskure. Wata yarinya a layin baya ta ce, "Malama, to tumakin sai su hau sama ke nan?" Na ce su hau. Har suka gama makarantar suna tsokanata da hawan tumaki, ban mutu ba.

Mu koma kan Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Ta fuskar kalmomin yana da gaskiya, Turanci ne tsantsa, kuma ya ba ka abin da 'yan ajinku da yawa ba su samu ba, wato kunnen jin daɗin harshe. Inda ya kauce shi ne ofis. Mutanen zamaninsa sun koyi Turanci a lokacin da haddar waƙa take cikin ma'aunin ilimi, kuma wanda ya iya jero manyan kalmomi shi ne gwani. Sannan ka tuna uba ne aka taɓa masa ɗa. Da ya ce kada ka canza ko harafi, rabin maganar ba ta Turanci ba ce, cewa yake ɗana bai yi abin kunya ba. Don haka kada ka je masa da gardama, kuma kada ka ce masa zamani ya wuce shi, wannan kalma tana karya zuciyar tsoho. Ba dole ba ne ma ka kai masa labarin gyaran rahoto kamar wanda ya zo neman izini. In ya tambaya, ka ce, "Baba, turawan da ke ba da kuɗin aikin suna son rubutu sassauƙa, na rubuta musu irin nasu, namu kuma na ajiye mana." Gaskiya ce, kuma ba ta rage shi da komai ba.

Karatun naku ma yanzu zai fi armashi in ka so. Tunda idonsa ya yi rauni, kai za ka riƙa karanta masa, bayan la'asar ko bayan isha'i, ranar da ba ka da aiki. Ka canza irin tambayar da kake yi. Maimakon ka ce mene ne ma'anar wannan, ka ce masa, "Baba, wannan filin da mawaƙin ke faɗa, a garinmu wanne ne ya yi kama da shi?" Za ka sha mamaki. Tsohon hedimasta irinsa ɗan manomi ne kafin ya zama malami, kuma a kansa akwai sunayen ƙasa da na ciyayi na Hausa da kai ba ka taɓa ji ba, waɗanda su ma suna bin hanyar da *lea* ta bi. Yara nawa ne a birni yau za su iya bambanta maka gandu da gayauna? Ka kunna rikoda a wayarka ka ɗauki muryarsa yana rera waƙoƙin da yana bayanin gonakin kakanka. Ka nemi izininsa tukuna, tsofaffi ba sa son a ɗauke su a ɓoye.

Batun oga, ajiye ƙamus ɗin nan a gida. Ko da ka buɗe shafin ka nuna masa kalmar tana nan, ka ci gardama ka rasa mai gida, kuma alamar da ke gefen kalmar shi za ta goya wa baya. Abin da nake so ka yi shi ne ka zauna ka sake rubuta rahoton tun kafin a nema. Inda dabbobi ke kiwo ka ce *grazing land*, gonaki *farmland*, saura *fallow*, burtali *cattle route*. Fadama kuwa ka bar ta fadama, ta daɗe da shiga Turancin aikin gona na Najeriya, har shirin da gwamnati ta yi da Bankin Duniya sunanta yake ɗauke da shi. Sannan ka cika rahoton da abin da aka aike ka ka gani: girman wurin, nisan mashaya, irin ciyawar da ke fitowa, inda gona ta ci burtali, abin da ardo ya ce da abin da sarkin noma ya ce. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba, ka miƙa masa ka ce ka gyara, kuma kana roƙon ya ba ka wani tsohon rahoto da ya gamsu da shi ka riƙa dubawa. Yawancin shugabanni wannan yana sanyaya su, wani ma kunya za ta kama shi. In ka ga fuska, ka ƙara da cewa nan gaba in akwai gyara za ka ji daɗi ya kira ka ofis. In ba ka ga fuska ba, bar shi zuwa wani lokaci. Idan kuma abin ya zama ɗabi'a, kowane taro kai ne abin wasa, to wannan ya wuce maganar kalmomi, sai ka nemi wani babba da kuke shiri a wurin ya yi masa magana, ko ka bi hanyar ƙorafi da ƙungiyar ta tanada.

Sunan da suka laƙaba maka kuwa, in ka nuna yana ƙona ka zai daɗe. In aka ce jikan Sarauniya ka amsa da "ranka ya daɗe", ka wuce. Ina ma kyautata zaton nan da 'yan watanni masu kiran naka ne za su riƙa zagayowa da takardun neman aiki da wasiƙu ka duba musu, don a ƙarƙashin dariyar sun gane kana da abin da ba su da shi.

Jarrabawar da kake shiri ita ma haka take. Masu duba rubutu suna son yalwar kalmomi, amma suna auna ko kalmar ta dace da wurinta, kuma tsohuwar kalma a tsakiyar bayani kan sufuri ko ilimi tana nuna ɗalibi ya haddace ne bai san muhallinta ba. A ɓangaren karatu da fahimta kuwa sanin irin waɗannan riba ce. Kowane mai harshe yana da kalmomin da yake ganewa da waɗanda yake furtawa, kuma na farkon sun fi yawa nesa ba kusa ba. Kai ma kana gane Hausar waƙoƙin fada da ta tsofaffin malamai, amma ba ka sayen tumatir da ita a kasuwa.

Littafinka kada ka yar, gyara zai sha. Na tabbata yanzu a gaban kowace kalma "fili" ko "gona" ka rubuta ka wuce. Ka koma kansu ɗaya bayan ɗaya ka rubuta aikin da ƙasar take yi, sai wanda ke faɗin kalmar a yau, mawaƙi ne ko masanin ciyawa ko lauya ko kowa da kowa, sai kuma kalmar Hausa da ta fi kusa da ita da inda suka rabu. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya kuma shi ne mai daɗi, don za ka tarar *meadow* ta yi kama da fadama ta wajen laima amma ba ta wajen aiki ba, *common*, wato makiyayar gari ta tarayya, ta yi kama da hurumi amma dokarsu daban. Ka saba duba 'yan alamomin da ƙamus ke sawa kafin ma'ana, irin su *literary*, *archaic*, *old-fashioned* da *dialect*, su ne ke gaya maka inda kalma take da izinin shiga. In kana shakka, ka rubuta kalmar a intanet ka duba sashen labarai. In duk abin da ya fito sunayen unguwanni ne da makarantu da otal-otal, ka san ta yi ritaya. Idan kuma hannunka yana ƙaiƙayin amfani da su, ba wanda ya hana ka rubuta waƙa ko gajeren labari, ko ka gwada mayar da ɗaya daga waƙoƙin Baba zuwa Hausa ku yi ta gardama a kan ko dausayi ne ya dace ko sarari.

Kafin ka miƙa sabon rahoton, akwai waya ɗaya da za ka buga. Ka kira mai unguwar ƙauyen nan, ku gaisa, ka tambaye shi filin bayan masallaci na wane ne, me suke kiransa, kuma ko ana barin dabbobi su shiga bayan kaka. Sunan da ya ba ka shi za ka rubuta, da Hausarsa, ka bi shi da layi ɗaya na bayani cikin Turanci. Ka gaida Baba da kyau, ka ce wata tsohuwar malama tana tambayar ko shi ya san tumakin *downs* a tudu suke.